Auta a Cikin Akwatin Ƙarfe

Akwai wani yaro ɗan aji biyar da kowa ke kira Na-iya. Kakarsa ce ta laƙaba masa sunan. Duk abin da aka ambata, kafin a rufe baki ya ce, "Na iya!" Ko gyaran fanka ne, ko tuƙin mota, shi dai ya iya. Ba mugun yaro ba ne, Allah ya sani. Cika baki ne dai gare shi, kuma ba ya son a ƙure shi.

Wata rana Babansa ya dawo daga aiki da wani ɗan kwali a hannu. Faya-fayan kallo ne a ciki, wani abokin aikinsa ya ba shi aro. Shiri ne mai dogon zango, na wani ɗan leƙen asiri da ba ya rabuwa da baƙin tabarau. Akwai faɗa a ciki, akwai tsere da mota, akwai kuma ban dariya kamar me. Tun a kashi na farko yaran gidan suka sa wa mutumin suna Mai Tabarau.

Ranar Asabar da rana duk gidan suka taru a falo. Baba ya sa faifai, ya miƙe ƙafa. Auta, ƙanwar Na-iya, 'yar shekara biyar, ta haye cinyar Mama. Kaka ta jawo kujerarta dab da talabijin, don idonta ya fara rauni.

Ba a yi nisa ba Baba ya fara dariya har da hawaye.

"Kai, wannan mutum zai kashe ni!" in ji shi. "Ku duba yadda ya faɗa cikin kwandon shara, kuma tabarau na nan a fuskarsa!"

Mama ta taɓe baki. "Ni ban ga abin dariya ba. Faɗan ya yi yawa. Mutum ya faɗo daga bene, ya tashi yana kakkaɓe riga? Haba dai."

"Ni tambaya gare ni," in ji Kaka. "Wannan ɗan nema, ba shi da gida ne? Kullum yana kan rufin mutane. Ko abinci ban ga ya zauna ya ci ba."

"Kaka, aiki yake yi!" in ji Na-iya.

"Aikin leƙe-leƙe? Allah ya shirye shi."

Auta kuwa mataimakiyar Mai Tabarau take so, wata mata mai son barci. Duk inda ta fito, sai Auta ta tafa hannu.

Can sai aka zo wani wuri. Mugaye suka kama mataimakiyar, suka tura ta cikin wani babban akwati, suka danna kwaɗo. Sai ga Mai Tabarau yana tafe yana yin fito da baki. Ya zare fil daga wuyan rigarsa, ya zura a kwaɗon, ya ɗan murɗa. Ƙaras! Kwaɗo ya buɗe. Matar ta fito tana hamma, tana masa faɗa wai ya katse mata barci.

Kowa ya yi dariya, har Mama. Na-iya kaɗai bai yi ba. Idonsa na kan fil ɗin.

Da aka watse, ya ɗauki rimot, ya mayar da faifan baya. Ya sake kallo. Ya tsayar da hoton daidai inda fil ya shiga. Ya matsa kusa, har hancinsa na neman taɓa gilashi. Ya sake mayarwa, ya sake tsayarwa. A zura, a ɗaga sama kaɗan, a murɗa dama. Ashe abin ba wuya!

"Na iya," ya ce wa kansa.

Ranar Litinin, lokacin tara, aji ya kaure da musu. Ashe yara da yawa sun kalli shirin a gidajensu. Wani ya ce tseren motar ya fi komai daɗi. Wani ya ce shi faɗan yake so. Wata ta ce babanta ya hana su kallo, wai shirme ne.

Monitar aji, wata yarinya mai kaifin baki, ta ce, "Akwai dariya, ban musa ba. Amma duk ƙarya ce. Musamman wurin kwaɗon nan. Wa ya taɓa buɗe kwaɗo da fil?"

"Wallahi ana buɗewa!" in ji Na-iya. "Na tsayar da hoton, na gani da idona. Ni ma na iya."

"Ka taɓa yi?"

Na-iya ya hau sosa ƙeya.

"Kun ji ko?" in ji Monita. "Na-iya a baki!"

Aji ya fashe da dariya. Ana cikin haka Malama ta shigo.

"Wannan wace irin hayaniya ce kamar kasuwa?"

Aka gaya mata. Ta yi murmushi, ta ajiye littattafanta.

"Ni ma na kalla," in ji ta. "Na sha dariya. Amma ku saurara. An shirya shi ne don a yi dariya, ba don a kwaikwaya ba. Kada in ji an ce wani ya gwada wani abu a gida. Kun ji ni?"

"Mun ji, Malama!"

Na-iya ma ya amsa, amma maganar ta shiga ta kunnen dama ta fita ta hagu. Dariyar da aka yi masa ce kawai ke yawo a kansa.

Da suka koma gida, suka tarar Mama ta tafi kasuwa. Baba yana wurin aiki. Kaka tana ɗakinta, rediyo na ta magana, ita kuwa tana gyangyaɗi.

A bayan gidan akwai wani ɗan sito mai rufin kwano, ba taga. A ciki akwai babban akwatin ƙarfe da Mama ke ajiye barguna. Wani kwaɗo na rataye a jikinsa a buɗe. Makullinsa kuwa yana cikin tarin makullan Baba, kuma Baba ba ya fita sai da su. Na-iya ya san haka sarai.

Ya ɗauko fil guda biyu a kan madubin Mama. Ya kwashe bargunan ya zuba a ƙasa. To, da ya gwada a kan akwatin ba kowa a ciki, da ban zauna ina ba ku wannan labari ba. Amma ina! Mai Tabarau ai mutum ya ceta, shi ma mutum yake so ya ceta.

"Auta! Zo mu yi wasan Mai Tabarau. Ke ce mataimakiya."

Auta ta zo da gudu. Da ta leƙa cikin akwatin, sai ta ja da baya.

"Yaya, akwai duhu."

"Ke matsoraciya! Kafin ki ƙirga goma na buɗe."

"Ka iya?"

"Na iya mana."

Auta ba ta taɓa musa wa yayanta ba. Ta cire takalmanta, ta shiga, ta naɗe ƙafafu. Na-iya ya rufe murfin. Ya danna kwaɗon, ƙat!

"Ɗaya," in ji Auta daga ciki. "Biyu. Uku."

Na-iya ya fara yin fito da baki kamar Mai Tabarau. Ya zura fil, ya ɗaga sama kaɗan, ya murɗa dama. Shiru. Ya sake murɗawa. Fil ya lanƙwashe.

"Tara. Goma. Yaya, na gama."

"Sake ƙirgawa. Saura kaɗan."

Ya jefar da wancan, ya ɗauki na biyu. Ya tura shi da ƙarfi, ya murɗa. Sai ya ji 'yar ƙara, tas. Ya zaro, ya ga rabi ne a hannunsa. Ɗaya rabin ya karye a cikin kwaɗon.

Ya kama kwaɗon ya ja da hannu biyu. Ko motsi bai yi ba.

"Yaya, na gama kuma. Buɗe ni. Akwai zafi."

"Ina zuwa, Auta, ina zuwa!"

Ya fita da gudu, ya samo dutse. Ya buga, ya buga. Dutsen ya farfashe, ya yanke masa yatsa, kwaɗo na nan yadda yake. Rana na dukan kwanon rufin. Siton ya yi zafi kamar tanda. Gumi ya jiƙa masa riga, shi da ke waje ke nan. Ina ga wadda ke ciki?

Auta ta fara kuka. Ta fara dukan murfin da tafin hannunta.

"Yaya! Ba na son wasan! Mama! Mama!"

A nan ne fa Na-iya ya yi kuskuren da ya fi na farko muni. Ɗakin Kaka ba nisa. Da ya ɗaga murya sau ɗaya, da ta ji. Amma ya tuna fuskar Baba in ransa ya ɓaci. Ya tuna Monita da dariyar aji. Sai ya durƙusa, ya kai bakinsa kusa da murfin.

"Yi shiru, Auta, don Allah. Kada Kaka ta ji. Yanzu zan buɗe."

Ya sake komawa ɗakin Mama neman fil. Ya birkice kan madubi, bai samu ba. Ya ɗauko cokali a kicin, ya tura bakinsa a kwaɗon. Cokali ya lanƙwashe. Ya ɗauko ƙusa, ta yi kauri. Lokaci kuwa ba ya jiran kowa.

Dukan murfin ya ragu. Kukan ma ya koma ƙasa-ƙasa.

"Yaya," in ji Auta, muryarta can ciki. "Barci nake ji."

"Kada ki yi barci! Ƙirga mini goma. Auta, ƙirga!"

"Ɗaya... biyu..."

Bai ji uku ba.

"Auta?"

Ya ƙwanƙwasa murfin. Shiru. Ya kara kunnensa a jikin ƙarfen, ƙarfen ya ƙona shi. Ba motsi, ba kuka. Sai rediyon Kaka kawai yake ji daga nesa.

Tsoro irin wanda bai taɓa ji ba ya kama shi. Nan take ya manta da Baba, ya manta da Monita, ya manta da duka. Ya kurma ihu iya ƙarfinsa.

"Kaka! Kaka! Wayyo, Kaka, ki zo! Auta!"

Kaka ta fito tana dogara sandarta, ɗankwali a hannu.

"Lafiya? Me ya faru?"

"Auta tana cikin akwati! Na kulle ta! Ta daina magana!"

"Innalillahi wa inna ilaihi raji'un! Ina makullin?"

"Yana wurin Baba."

Kaka ba ta tsaya faɗa ba. Ta tura bakin sandarta a gefen murfin, ta danna da duk ƙarfinta. Gefen ya ɗan ɗaga kaɗan, ko yatsa ba zai shiga ba.

"Iska za ta ɗan shiga," in ji ta. "Maza, ruga wurin mai walda na bakin titi! Ka ce ya zo da abin yanka ƙarfe. Ruga, na ce!"

Na-iya ya fita ba takalmi. Tsakuwa na sukar ƙafarsa, bai ji ba. Wani mai keke ya kusa buge shi, bai tsaya ba. Yana gudu yana cewa, "Allah ka taimake ni, Allah kada ta mutu."

Mai walda na sunkuye a kan wata ƙofa, ya rufe fuska, injinsa na ƙara. Na-iya ya yi kira, bai ji ba. Sai ya kama rigarsa ya ja.

Mutumin ya kashe inji, ya ɗaga abin fuskarsa a fusace. "Kai, ba ka ganin wuta? Kana so ka makance?"

"Baba mai walda, ƙanwata! Na kulle ta a akwatin ƙarfe. Na ce zan buɗe, ban iya ba. Wallahi ban iya ba. Ta daina magana!"

Mai walda bai sake tambaya ba. Ya sure wani ƙaton almakashi na yanka rodi, ya saɓa a kafaɗa.

"Wuce mu je!"

Suka tarar Kaka har yanzu tana danne da sandar, bakinta na addu'a. Mai walda ya sa bakin almakashin a wuyan kwaɗon, ya matse. Bai yanke ba. Ya gyara tsayuwa, ya ce bismillahi, ya sake matsewa. Kwaɗo ya tsinke, ya faɗi ƙasa.

Ya ɗaga murfin. Wani zafi ya taso daga ciki. Auta na kwance a naɗe, idonta a rufe, rigarta sharkaf da gumi.

Mai walda ya ɗauke ta cak, ya fito da ita inuwa. Hannunta na lilo. Kaka ta yayyafa mata ruwa a fuska, tana mata fifita da ɗankwali.

"Auta! Autana! Buɗe ido mana."

Na-iya ya tsaya jikin bango, ya kasa matsowa.

Sai Auta ta yi tari. Ta sake yi. Ta buɗe ido, ta dubi Kaka, ta fashe da kuka.

Tunda aka haifi Na-iya bai taɓa jin abu mai daɗi kamar wannan kukan ba. Ya zube ƙasa, shi ma ya fashe da nasa.

Ana haka Mama ta shigo. Da ta ji abin da ya faru, kayan cefanen suka zube daga hannunta. Ta goya Auta, suka nufi asibiti, mai walda ya raka su. Likita ya duba ta, ya ce zafi ne da ƙarancin iska suka sumar da ita. Ya ce za ta warke sarai, amma da an ƙara jinkiri, da labari ya sha bamban.

Da Baba ya dawo, ya je ya ga Auta tukuna. Sannan ya kira Na-iya falo. Na-iya ya durƙusa, kansa a ƙasa, yana jiran bulala.

"Gaya mini da bakinka," in ji Baba.

Ya faɗi komai. Bai ɓoye musun makaranta ba, bai ɓoye gargaɗin Malama ba. Har wurin da ya ce wa Auta ta yi shiru sai da ya faɗa.

"Me ya hana ka kiran Kakarka tun da fil na farko ya lanƙwashe?"

"Tsoro, Baba. Tsoron duka."

"Duka da ran ƙanwarka, wanne ya fi?"

Na-iya ya ƙara sunkuyar da kai. Hawaye kawai ke zuba.

Baba ya miƙe, ya nufi wurin talabijin. Sannan ya buɗe kwalin, ya zaro faifai na ƙarshe.

"Tashi ka zauna. Akwai abin da ya kamata in nuna muku tun farko. Nan ni ma na yi sakaci."

A ƙarshen faifan akwai wani ɓangare da ke nuna yadda aka shirya wasan. Na-iya ya ga akwatin nan daga baya. Ashe ba shi da bango ta bayan, a buɗe yake wayam. Matar na zaune a ciki tana shan ruwa, fanka na kaɗa ta. Kwaɗon kuwa na roba ne, ko an hura shi zai buɗe. Mutane sun fi a ƙirga a tsaye kewaye da su. Shi kansa Mai Tabarau sai da fil ɗin ya yi ta faɗuwa daga hannunsa, ana dariya ana sakewa.

"Ka gani?" in ji Baba. "Su ba su sa ran kowa a haɗari ba. Kai ka sa."

"Na tuba, Baba."

"Ba kallo a gare ka sai an yi hutu. Gobe kuma ka je ka gode wa mai walda, sannan ka gaya wa Malamarku abin da ka yi."

Washegari ya yi duk yadda aka ce. Malama ta sa ya tsaya gaban aji ya ba da labari. Ba wanda ya yi dariya, har Monita. Da ya gama, ita ce ma ta fara tambaya, "Yaya jikin Autar?"

Amma hukuncin da ya fi yi masa ciwo ba na Baba ba ne. Auta ta daina zuwa kusa da shi. In ya shigo ɗaki, sai ta ɓoye bayan Mama. In ya miƙa mata alewa, sai ta maƙale kafaɗa. Abin ya dame shi ƙwarai, har abinci ya daina yi masa daɗi.

"Mama, Auta ta tsane ni," ya ce wata rana.

"Ba ta tsane ka ba," in ji Mama. "Ta yarda da kai ne, ka ba ta tsoro. Yarda kuwa in ta zube, a hankali ake kwashe ta. Ka yi haƙuri, ka ci gaba da kyautata mata."

Haka ya yi. Kullum shi ke ɗaukar mata jaka zuwa makaranta. Shi ke wanke mata takalmi. Bai matsa mata ba, bai kuma gaji ba.

Ran nan da yamma yana zaune a bakin ƙofa shi kaɗai, ya yi tagumi. Sai ya ji an taɓa kafaɗarsa. Ya waiwaya, ya ga Auta ce, da 'yar ƙwallonta a hannu.

"Yaya, zo mu yi wasa," in ji ta. Ta ɗan yi tunani, ta ƙara da cewa, "Amma a waje."

"A waje," in ji Na-iya. Ya share ido da bayan hannu, ya kama hannunta, suka fita.

To, yara, ku riƙe wannan. Abin da kuka gani a fim na kallo ne, ba na gwadawa ba, balle a kan ɗan'uwanku. In kuma kuskure ya riga ya faru, kada tsoron faɗa ya sa ku ɓoye. Ku kira babba nan take. Faɗa yana wucewa, amma rai in ya tafi ba ya dawowa.